Damargu: Tarihin da Ke Jiran Alƙalami

Mutanen Girka na zamanin da sun shuɗe, amma labarinsu bai shuɗe ba. Har yau ana karanta yadda suka fara wasannin Olimpiya a shekara ta 776 kafin haihuwar Annabi Isa, da yadda suka karya rundunar Farisa a Maraton a shekara ta 490. Dalili kuwa shi ne sun samu marubuta irin su Herodot. Ƙasar Damargu ita ma tana da manyan ranakunta, sai dai yawancinsu a bakin tsofaffi suke.

Tun kaka da kakanni, Damargu ce rumbun Abzin. Dagirawa da Hausawa suna noman hatsi, Abzinawa suna kawo gishiri da dabino su yi musaya. A da, ta nan ayarin raƙuma ke bi daga Turabulus zuwa Agadas, Damagaram da Kano. A wancan zamani, gashin jimina na cikin hajar da ake fitarwa daga ƙasar har zuwa Turai.

A watan Janairu na 1851, matafiya uku, Barth da Overweg da Richardson, suka sauka a Tagelel, a nan suka rabu. Barth ya nufi Tasawa da Kano, ya kuma rubuta abin da ya gani. A 1899 rundunar Faransawa ta Foureau da Lamy ta ratsa ƙasar zuwa Damagaram. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano. Daga nan fataucin hamada ya durƙushe, domin haja ta koma bin hanyar teku. Bayan haka aka yi yunwar 1913 zuwa 1914. A watan Disamba na 1916 kuma Kawsan, wanda aka haifa a Damargu, ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya har zuwa watan Maris na 1917. A 2011 aka cire Belbeji daga Tanut, ta zama gunduma mai zaman kanta.

Mafi yawan abin da ke rubuce, baƙi ne suka rubuta shi. Sunan wanda ya haƙa rijiyar gari, da asalin kowace unguwa, da yadda talakawa suka tsira daga farin 1973 da na 1984, duka suna wurin dattawa. Duk wanda ya fita daga ajin yaƙi da jahilci yana iya ɗaukar littafi da alƙalami ya zauna gaban tsohon garinsu. Hukumomi kuma su tattara abin da aka rubuta su adana, tun masu labarin suna raye.