Daga Alwala Zuwa Keken Ɗinki: Ina Ake Samun Bincike Kan Ayyukan Iyayenmu?

Mu ɗauki misalin tela mai shekara 50 da ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. An sallame shi daga asibiti, amma ba ya iya alwala shi kaɗai, ba ya iya saka maɓallin rigarsa, balle ya taka keken ɗinki. Ga kuɗin makarantar yara, ga tsohuwarsa tana jiran kuɗin cefane. Wa zai mayar da shi bakin aikinsa?

Akwai fannin kiwon lafiya da wannan ne aikinsa: farfaɗo da majinyaci ta hanyar ayyukansa na yau da kullum, wanda ake kira occupational therapy da Turanci. An kafa ƙungiyar masu wannan aiki a Amurka a 1917, ta duniya kuma a 1952. A Najeriya akwai makarantar tarayya da ke koyar da shi a Oshodi, Legas.

Ɗalibin fannin ba ya aiki da "an ce". Sai ya nemo binciken masana kan yadda masu matsakaicin shekaru, kamar daga 40 zuwa 65, ke tafiyar da ranarsu. A nan wasu ke tuntuɓe. Idan muka rubuta kalmar occupation kawai a intanet, bayanin sana'o'i da albashi za mu gani, alhali a wannan fanni tana nufin duk abin da ke cika ranar mutum: wanka, girki, ibada, zumunci, hutu. Dabarar ita ce a haɗa abu uku: shekarun mutanen, aikin da ake nufi, da lalurar da ta same su.

Ina za a duba? Google Scholar da PubMed kyauta ne, kuma ana iya buɗe su a waya. A ciki za mu ci karo da MIDUS, babban binciken da aka fara a Amurka a 1995 da mutum sama da 7,000. Sai dai ranar Ba'amurke ba irin ranar Baba ko Inna ba ce, shi ya sa ake leƙa AJOL, rumbun mujallun binciken Afirka. Duk takardar da muka buɗe, mu tambaya: yaushe aka yi binciken, a ina, kuma mutum nawa aka tambaya?

Ba sai mun shiga jami'a za mu fara ba. A ƙarshen makon nan, mu zauna da Baba ko Inna, cikin ladabi mu roƙe su su lissafa mana abin da suke yi daga asuba zuwa isha'i, mu rubuta. Sannan mu tambaye su wanne ne zai fi yi musu ciwo idan suka kasa yin sa. Da irin wannan tambayar masu fannin ke fara aiki da majinyaci.