Yadda rassan kamfanoni ke shiga intanet ba tare da bi ta hedkwata ba

A da, idan ma'aikacin banki a wani reshe ya nemi buɗe shafin intanet, saƙonsa ba ya fita kai tsaye. Sai ya bi ta layi na musamman da bankin ke haya, mai suna MPLS, ya isa hedkwata a tantance shi, sannan a sake shi. Amsar ma ta nan take biyowa.

Layin yana da tsada, kuma zagayen na jawo jinkiri, musamman tun da kamfanoni suka koma amfani da manhajoji irin su Microsoft 365, waɗanda ba a hedkwatar suke ba.

Wannan ne ya sa tsarin SD-WAN ya samu karɓuwa, har kamfanin Cisco ya sayi Viptela, ɗaya daga cikin masu ƙera shi, kan dala miliyan 610 a 2017.

A tsarin, ana jona na'urar rauta ta reshe da layi biyu ko fiye, misali wayar faiba da layin 4G. Da zarar an kunna ta, sai ta tuntuɓi cibiyar da ke sarrafa dukkan rassan, ta tabbatar da ko ita wace ce, ta karɓi umarni. Daga nan ita ke rarrabe saƙonni: bayanan asusun jama'a ta rufe su da lambobin sirri ta tura hedkwata, sauran kuma ta sake su intanet daga nan reshen. Idan layi ɗaya ya fara tangarɗa, sai ta karkata zuwa ɗayan.

Sai dai sauƙin na tafe da haɗari. Kamfanin da a da ƙofa ɗaya yake gadi, yanzu kowane reshe ƙofa ce da masu kutse za su iya gwadawa, don haka tilas a sa wa kowanne katangar tsaro.

Haka kuma yawan layuka ba ya hana katsewa idan tushensu ɗaya ne. A watan Maris na 2024, manyan wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, ciki har da MainOne da WACS, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, lamarin da ya kawo cikas ga ayyukan bankuna a Najeriya. Reshen da duk layukansa suka dogara da waɗannan wayoyi, rautarsa ba ta da inda za ta karkata.