Uwargida, Kafin Ki Sayi Butar Lantarki Ki Duba Ƙarƙashinta

Yau zancenmu a kan butar lantarki ne, wadda ta fara shiga jerin kayan ɗakin amare a Sharabi da sauran garuruwan ƙasar Bagudo. Abu ne mai kyau ƙwarai, ba na musu. Da asuba lokacin hunturu, kafin ki haɗa itace ki hura, ita ta riga ta tafasa ruwan shayin maigida ko gahawarsa, domin buta mai ƙarfin wat 2,000 takan tafasa lita ɗaya cikin minti uku ko ƙasa da huɗu. Abin da ya sa na kawo zancen shi ne yadda ake sayenta yanzu. 'Yarki ta buɗe waya, ta nuna miki hoto da taurari biyar a gefe, da mutane ɗari suna yabo, sai ki kwance bakin zane ki ba da kuɗin adashinki.

Haka ta faru da wata ƙanwata bara. Ta zaɓi wadda ta fi kowace taurari, aka kawo, kyakkyawa kuwa sai walƙiya take. Ranar da ta jona ta a ɗan ƙaramin janaretan gidansu, injin ya yi gurnani ya mutu, fitila ta ɗauke, maigida ya kwashe shi zuwa wurin mai gyara. Buta tana nan bisa kabad har yau, ta zama ado. Kuma masu yabon ba ƙarya suka yi ba. A gidajensu butar tana aiki lafiya lau, sai dai wutarsu ba irin tamu ba ce.

To, ga abin da taurari ba za su gaya miki ba. Juya butar ki duba ƙarƙashinta, za ki ga lambobi guda biyu. Ta farko tana da harafin W a ƙarshe, ita ce yawan wutar da take sha. Yawancin butocin gida suna tsakanin 1,500 da 2,200. Ɗan janaretan nan da ake sa wa fetur da baƙin mai a haɗe bai kai wat 1,000 ba ko da sabo ne, saboda haka ba zai ɗauke ta ba, ko an kashe fanka da talabijin. Haka kuma ƙaramar sola da aka sa don fitila da cajin waya. In abin da kike da shi ke nan, ki nemi ƙaramar buta irin ta matafiya mai lamba ƙasa da ta injinki, ko ki haƙura da risho da gawayi, ba abin kunya ba ne.

Lamba ta biyu mai harafin V ce. Tamu a Nijeriya 230 ce, ta ƙasar Benin 220, duk tafiyarsu ɗaya. Amma cikin kayan gwanjo da ke sauka a Kwatano su biyo hanya su zo mana, akan sami na Amurka masu 110 ko 120. Irin wannan in kika jona ta a namu, za ta ja wuta kusan ninki huɗu na abin da aka ƙera ta da shi, ta ƙone nan take, in ma abin ya tsaya kanta ke nan.

Mu da ke bakin iyaka muna da wata matsala ta daban, wato fulogi. Na Benin irin na Faransa ne, mai haƙora biyu zagayayyu, namu kuwa irin na Ingila, mai haƙora uku masu kusurwa. Na sha ganin ana cusa tsinken tsintsiya a ramin sama don mai biyu ya shiga. Don Allah ki daina. Haƙorin nan na uku shi ke kai wuta ƙasa idan ta zubo a jikin buta, in babu shi kuwa jikin wadda ta taɓa ne hanya, ga hannu a jiƙe, ga ƙafa ba takalmi. A kai wa mai gyaran lantarki ya sa mata fulogi irin namu. Kada kuma a jona ta a siririyar wayar ja ta kasuwa, domin tana zafi har ta narke.

Yanzu sai yabon kansa. Ki sani ba duk wanda ya rubuta ne ya taɓa riƙe butar ba. Akwai masu kaya da ke biyan mutane su rubuta musu yabo, akwai masu sa 'yan'uwansu. Kamfanin Amazon da kansa ya ce a 2022 ya tare irin waɗannan rubuce-rubuce da yake zargin na jabu ne fiye da miliyan 200. A 2024 hukumar ciniki ta Amurka ta kafa doka mai tara a kan saye da sayar da yabon ƙarya, Ingila ma ta hana shi daga 2025. In manyan ƙasashe sai da suka kai ga doka, me kike zato game da mai sayarwa a WhatsApp wanda shi da kansa yake zaɓen saƙon da zai nuna miki?

Ke kuma 'yar makaranta, tunda ke ce mai karanta wa Inna Turancin, aikin nan naki ne. Kada ki tsaya kan masu tauraro biyar. Gangara wurin masu biyu da uku, nan ake samun gaskiya: wannan ta ce murfi ba ya rufuwa, waccan ta ce bayan wata biyu ta fara yoyo daga ƙasa. Idan mutum uku da ba su san juna ba suka faɗi aibi iri ɗaya, ki yarda da su. Dubi ranakun kuma. Yabo ashirin cikin kwana biyu, duk gajeru, duk da kalmomi iri ɗaya, ba masu saye ba ne. Wanda ya rubuta ranar da aka kawo masa kaya, kwali kawai ya yaba. Maganar murfi kuwa kada ki raina ta. Tun 1955 da kamfanin Russell Hobbs na Ingila ya fito da buta mai kashe kanta, tururi ne ke bi ya taɓa wani ɗan ƙarfe ya lanƙwashe ya yanke wutar. Murfin da ba ya rufuwa sosai yana barin tururin ya fita ta sama, buta ta yi ta tafasa har ruwa ya ƙare, ke kina tsakar gida kina shara.

Ni dai a ganina, gani ya kori ji. Maƙwabciyar da ta yi shekara da tata, tana shan ruwan rijiya irin naki, wutarta tana zuwa tana komawa kamar taki, ta fi miki baƙi ɗari na Legas amfani. Shiga ki tambaye ta, ki ɗaga butar ki leƙa ciki. In a shago za ki saya, a Bagudo ko Birnin Kebbi, ki sa a zuba ruwa a jona a gabanki, ki tsaya har ta kashe kanta, ki karɓi rasit. In ta waya ce, ki tambayi wa zai biya kuɗin motar mayarwa idan ba ta yi ba, tun kafin ki tura ko sisin kwabo.

In ta shigo gida, ruwa kaɗai za a sa mata. Madara da sukari da ganyen shayi a kofi za su haɗu. Kada a jona ta babu ruwa, kada a tsoma mazauninta a bahon wanke-wanke, wayarta kuma a naɗe ta inda mai rarrafe ba zai jawo ba. Farin abin nan da ruwan rijiya ke bari a ciki, matse lemun tsami biyu cikin ruwa rabin buta, ki tafasa, ki bar shi ya huce, sannan ki ɗauraye sau biyu kafin a dafa na maigida.