Omo da Man Goge Haƙori: Dangi Ne, Amma Kowa da Aikinsa

'Yan'uwa manoma, a yawon da nake yi cikin ƙauyuka na sha ganin mata suna wanke wa yara kai da omo idan sabulu ya ƙare. In na yi magana sai su ce, "Malam, ai duk kumfa ce." Da gaskiyarsu, amma da saura.

Ruwa da mai ba sa shiri. Abin da ke sulhunta su wani sinadari ne mai baki biyu: ɗaya ya kama maiƙo, ɗaya ya kama ruwa. Da an ɗauraye sai dauɗa ta bi ruwa. Haka sabulun salo na toka da mai yake aiki, haka omo ma. A Jamus aka fara haɗa irin wannan sinadari ba da kitse ba, a 1916, lokacin da yaƙi ya kawo ƙarancin kitse.

Wanda ake yawan sa wa man goge haƙori da sabulun wanke gashi na ruwa ana kiransa SLS. Akan samo shi daga man kwakwa ko alayyadi. Kaɗan ake sawa, kuma shi ke kawo kumfa a baki. Na cikin omo kuwa galibi daga man fetur ake yinsa, sa'an nan a ƙara masa gishirin soda mai kaifi irin na kanwa don ya ci dattin tufafi.

To, fatar mutum tana da nata maiƙon da ke tsare ta. Omo ba ya bambanta wannan da maiƙon riga, duka yake kwashewa. Shi ya sa hannun mai yawan wanki yake kaushi, har ya tsage da hunturu. Fatar jariri kuwa ta fi laushi nesa.

Ga shawara. Omo na tufafi ne, kada ya taɓa jikin yaro ko abinci. Bayan wanki a ɗauraye hannu a shafa man kaɗanya. Kada a zubar da ruwan wanki kusa da rijiya ko tafkin kifi, gama yana kashe kifi. Wanda bakinsa ke yawan yin gyambo ya gwada man goge haƙori marar SLS, ko ya koma ga asuwaki.

Ku tattauna wannan a taron ƙungiya mai zuwa.