Majigi A Gida: A Yi Awo Kafin A Huda Bango

Dattawan ƙasar nan ba su manta da zamanin motar majigi ba. Musamman bayan da Gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka a cikin 1939, motocin nan sun riƙa zaga garuruwa da ƙauyuka, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada da daddare, jama'a su taru su kalli irin su Baban Larai. A yau kuwa na'urar ta ƙanƙance har ma'aikaci yana iya sayenta ya kai gidansa. To, amma abin da masu aikin majigin dā suka sani, wanda masu saye da yawa ba su lura da shi ba, shi ne kyan hoto ya fi dogara da wurin da aka girke na'urar bisa ga tsadarta. Wanda ya girke ta ba bisa ƙa'ida ba, ya yi asarar kuɗinsa, ya wahalar da idon iyalinsa, ya kuma rage wa na'urar kwana.

Abu na farko shi ne tazara. Kowane majigi yana zuwa da wani adadi da masu ƙera shi suka rubuta cikin littafinsa, wanda ake samu in an raba nisan da ke tsakanin idon majigin da allo da faɗin hoton. Alal misali, allon da ake kira mai inci 100, wato daga kusurwa zuwa kusurwa, faɗinsa kamar mita 2.2 ne, tsayinsa kuma santimita 125. Idan adadin majigin 1.5 ne, sai a ajiye shi nisan mita 3.3 daga allo. Idan na gajeren zango ne mai adadin 0.5, mita 1.1 ya isa. Akwai kuma waɗanda ake ajiyewa dab da bango, ƙasa da allon, nisan kamar rabin mita. Saboda haka mai hankali yakan auna ɗakinsa tukuna kafin ya tafi kanti. Ya kuma sani cewa in aka ninka faɗin hoto sau biyu, haskensa kan koma kashi ɗaya cikin huɗu, don haka kwaɗayin girman hoto yana da iyaka.

Wurin zama ma yana da nasa lissafi. Ƙungiyar injiniyoyin silima da talabijin ta Amurka ta ba da shawarar allo ya cika kusurwar digiri 30 na ganin mai kallo, wanda ga allo mai inci 100 ya kama kamar mita 4. Ya kamata kuma idon wanda ke zaune ya daidaita da kashi ɗaya cikin uku na tsayin allon daga ƙasa, don kada wuya ya ƙage.

Sai kuma maganar inda za a ɗora na'urar. Hanya mafi sauƙi ita ce tebur, domin ba ta bukatar huda ko kusa, ta kuma dace da ɗalibi ko ɗan haya. Aibinta shi ne duk wanda ya gifta sai inuwarsa ta faɗa kan allo, ga ƙarar fankar na'urar a kunnen masu kallo, ga yara na tuntuɓe da waya. Hanya ta biyu ita ce kanta a bangon baya, sama da kawunan mutane. Wannan tana da kyau in tsawon ɗakin ya yi daidai da tazarar majigin, in kuma an bar masa sarari a baya da gefe.

Hanya ta uku, wadda masana suka fi yabawa, ita ce ratayewa a rufin ɗaki. A nan akan kifa majigin, sa'an nan a juya hoton ta cikin saitinsa. Amma fa a nan ne haɗari yake. Silin na kwali ko na POP ado ne kawai, ba a yi shi don ɗaukar kaya ba, alhali kuwa majigi yakan kai kilo 3 zuwa 10, wani ma ya ɗara. Wajibi ne a ɗaure ƙarfen ratayar a jikin kankare ko a katakon rufi mai ƙwari. Haka kuma a nisanta shi da fankar sama, domin fikafikanta suna yanka haske, girgizarta kuma tana sa hoto rawa.

Kowace hanya aka bi, dole idon majigin ya fuskanci allo sak, ya kuma tsaya daidai tsakiyar faɗinsa. In aka karkata shi, hoto kan fito da faɗi a sama, tsuke a ƙasa, ko akasin haka. Gaskiya ne akwai maɓallin gyara wannan karkata, sai dai gyaran yana matse hoton ne ya zubar da wani ɓangare na kaifinsa. Majigin da ake iya gusar da gilashin idonsa sama ko ƙasa ba tare da an motsa jikinsa ba ya fi, domin ba ya rage komai.

Yanayin ƙasarmu ya ƙara wasu sharuɗɗa. Zafi kan taru a saman ɗaki, ga shi kuwa yawancin waɗannan na'urori ba a yi su don aiki cikin zafin da ya wuce digiri 35 zuwa 40 ba, wanda bazarar Sakkwato ko Maiduguri takan zarce. Sai a bar musu sararin shan iska, kada a kulle su cikin akwati. Ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar iska, don haka a rataye na'urar inda hannu zai kai gare ta a share. Majigi mai ƙwan fitila yana bukatar fankarsa ta ci gaba da juyawa bayan an kashe shi har ƙwan ya huce; ɗaukewar wuta ba zato tana rage masa kwana. Ƙwan yakan yi awa 2,000 zuwa 5,000, mai hasken leza kuwa yakan kai awa 20,000. Saboda haka na'urar ajiyar wuta ta UPS ba almubazzaranci ba ce. A kuma tsawata wa yara kada su leƙa cikin hasken, domin yana cutar da ido.

Daga ƙarshe, mai sabon gini ya tuna cewa tun ran gini ran zane. Ya sa a binne bututun waya daga wurin majigin zuwa wurin akwatin sauti, a kuma kafa soket a rufin, kafin a yi shafe. Wanda gininsa ya riga ya tsaya kuwa, ya ɗora majigin bisa tsani ko tebur, ya kunna, ya zauna inda zai riƙa zama, ya kalla da rana ya kalla da dare. Sai ya gamsu sarai sa'an nan ya kira kafinta.