Makomar Gaskiya Ta Fi Kwabo da Jama'arta

Dattawan Muchiya da na sauran unguwannin Sabon Garin Zariya, inda ma'aikatan reluwe da fatake da malaman makaranta suka cuɗanya tun farkon zamanin Turawa, suna iya ba da shaidar cewa an yi lokacin da jarida ɗaya kan wadaci majalisa sukutum, mai boko guda ya ɗaga murya ya karanta, saura su kasa kunne, sa'an nan a shiga muhawara har ladan ya kira la'asar. Jaridar nan kuwa ita ce Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya cikin Janairun 1939 bisa himmar Dokta Rupert East, Malam Abubakar Imam yana editanta na farko.

Ko da yake maƙasudin hukuma shi ne ta sami kafar isar da maganarta ga talakawa, musamman da guguwar yaƙin Hitila ta taso, darajar jaridar ta samu ne daga wasiƙun masu karatu, domin a nan ne akawun En'e da malamin elementare da sojan da ke dajin Bama suka sami zaure guda, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa a kan haraji ko ilmin mata ko zaluncin mahukunta, edita kuma ya ba da jawabi cikin hikima, wani lokaci da ɗan zambo. Ta wannan hanya rubutun boko ya zauna da gindinsa, mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba suka san juna ta alƙalami, har aka sami abin da za a kira ra'ayin jama'ar Arewa. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya domin ɗaukar nauyin wannan aiki.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Jaridar ta koma ƙarƙashin kamfanin New Nigerian, wanda Gwamnatin Tarayya ta karɓe a 1975, daga bisani ta mayar wa jihohin Arewa 19. Bashi ya taru, albashi da fansho suka maƙale, fitowa ta yanke, alkawuran farfaɗowa kuwa an sha jin su a bayan taron gwamnoni.

Mai yiwuwa wani ya ce hasarar ba ta taka kara ta karya ba, tun da ga jaridar Aminiya da 'yan'uwanta, ga kuma Facebook da WhatsApp inda jikokin masu wasiƙun nan suke tafka muhawara dare da rana. Haƙiƙa akwai ƙamshin gaskiya a wannan hujja, sai dai wajibi ne a tuna cewa mai rubutu a Facebook da WhatsApp baƙo ne a gidan wani, wanda ba ya jin Hausa, ba kuwa zai shawarce shi ba ranar da ya ga damar kulle ƙofa. Alhali wasiƙar da aka buga a Zariya shekaru tamanin da suka wuce tana nan, muddin gara da danshi ba su riga mu gare ta ba.

Laburaren Birtaniya ya taimaka an ɗauki hoton fitowar shekarun farko, Allah ya saka wa waɗanda suka yi wannan hidima, amma ta sauran shekarun tana warwatse a ɗakunan ajiya da adakokin tsofaffi. Saboda haka muna roƙon Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, tare da Gidan Arewa na Kaduna, su ɗauki amanar tattara ta da adana ta, gwamnonin da suka gaji kamfanin su biya kuɗin aikin. Duk kuwa wanda mahaifinsa ya bar masa tsofaffin kofe, kada ya ba mai ƙosai, ya kai su Laburaren Kashim Ibrahim na jami'ar.