Shekarar Da Masu Gida Suka Kayar Da Giwar Masar

Na san wata za ta ce, "Mu ina ruwanmu da ƙwallo?" Haba 'yar uwa! Abin da ke hana yayanki cin tuwon dare, ya sa saurayinki ya makara zuwa zance, ai ya kamata ki san kansa.

A 1990 aka kafa ƙungiyar Kano Pillars, lokacin Haɗeja da Kafin Hausa suna cikin Jihar Kano. Sai a watan Agustan 1991 aka yanki Jigawa. Don haka in kin ji samarinmu suna ihun "Sai Masu Gida!" kada ki yi mamaki, tsohuwar zumunta ce.

Pillars ta fara cin kofin gasar Nijeriya a 2008, wannan ya ba ta damar shiga gasar zakarun Afirka ta 2009. Nan fa aka haɗa ta da Al Ahly ta Masar, wadda kofin ke hannunta, ta kuma ɗauke shi har sau 6 a lokacin. A Nijeriya aka tashi 1-1. Da aka je Alƙahira kuwa, sai ga 2-2. A ƙa'idar gasar, idan ƙwallaye suka zo daidai, wanda ya fi ci a gidan abokin karawarsa shi ke wucewa. Ashe giwa ta faɗi!

Masu Gida suka ci gaba har wasan kusa da na ƙarshe. To a nan ne zancen yake. Wa ya fitar da su? Ba Balarabe ba ne, 'yan uwansu ne na gida Nijeriya, wato Heartland ta Owerri: 4-0 a can, 1-0 a karawa ta biyu. Da ɗan gari akan ci gari. Ita ma Heartland ba ta sha romon ba, don a wasan ƙarshe ƙa'idar nan da ta kayar da Al Ahly ita ta ba TP Mazembe ta Kwango kofin.

'Yar uwa, ki duba wannan da kyau. Sau nawa yarinya za ta ci jarrabawar da kowa ke tsoro, sai wata ƙawa ko wani mai daɗin baki na ƙofar gida ya raba ta da makaranta? Abin da aka saba da shi ya fi saurin kayar da mutum.

Amma faɗuwa ba mutuwa ba ce. Pillars ta dawo ta ɗauki kofin Nijeriya sau uku a jere, 2012, 2013 da 2014. Wadda ta faɗi jarrabawa bana, ta share hawaye ta sake zama baɗi. Allah Ya ba mu sa'a, amin.